Me Ya Sa Pienso Amma Pensamos? Gaɓa, Ƙarfin Murya da Ƙirar Aikatau a Sifaniyanci

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon Sifaniyanci, kuma aikatau ɗinsu ya sha mini kai. Me ya raba hablo da habló, ban da ɗan layin nan da ke kan o? Me ya sa ake cewa pienso amma pensamos, puedo amma podemos? Sannan yaya zan raba kalma irin estudiáis ko construir gaɓa-gaɓa? Haddace su zan yi ɗaya bayan ɗaya, ko akwai ƙa'ida?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Akwai hadda a ciki, amma ba ta kai yadda kike tsoro ba. Tambayoyinki uku duk abu ɗaya suke zagayawa, wato wace gaɓa ce ake ƙarfafawa a cikin kalma. A aikatau na Sifaniyanci wannan ƙarfi yana cikin nahawu tsundum. Shi yake faɗin wanda ya yi aiki da lokacin da ya yi shi, shi yake sa e ta zama ie, o ta zama ue, kuma shi ne dalilin ɗan layin da suke kira tilde. Zan riƙa rubuta gaɓar da ake ƙarfafawa da manyan haruffa don ki gan ta sarai.

Mu a Hausa karin sauti gare mu, kowace gaɓa da nata: sama, ƙasa ko faɗau. Furta “ya dafa”, sannan ki furta umarni, “dafa!” Haruffan ɗaya ne, amma a na farko murya ta fara daga sama ta sauko, a na biyu ta fara daga ƙasa ta hau. Sifaniyanci ba ya raba wa kowace gaɓa kari. Gaɓa ɗaya tak yake zaɓa a kalma ya fifita ta: ta ɗan fi tsawo, ta ɗan fi ƙara, murya kuma ta motsa a kanta. HA-blo, ina magana. Ha-BLÓ, ya yi magana. In kina sauraron sharhin ƙwallon La Liga, mar-CÓ shi ne ya ci ƙwallo, MAR-co kuwa ni nake ci. Sauran gaɓoɓin ba a tauye wasulansu yadda Turancin Ingilishi yake yi. A tana nan a, o tana nan o, ko da ƙarfi ko babu. A nan Bahaushe ya ci riba, domin wasula biyar ɗin nan, a, e, i, o, u, su ne namu.

Kafin ki san gaɓar da za ki ƙarfafa sai kin iya ƙirga gaɓoɓin, don haka mu fara da rabawa. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu na wasalin gaba ne: co-mer, vi-vir, sa-ber. Baƙi biyu a jere ana raba su, ɗaya baya ɗaya gaba: can-tar, par-tir, ven-der. Sai dai idan na biyun l ne ko r, na farkon kuma p, b, f, c ko g ne, ko kuma t ko d kafin r, to ba a raba su, tare suke shiga gaɓar gaba: ha-blar, a-brir, su-frir, lo-grar, la-drar. In baƙaƙen sun kai uku ko huɗu, duba na ƙarshe guda biyu. In suna cikin waɗancan ma'aurata, su tafi gaba tare: com-prar, en-trar, cons-truir. In ba sa ciki, na ƙarshe kaɗai ke tafiya: ins-ta-lar, cons-tar. Ch da ll da rr sauti ɗaya-ɗaya ne da aka rubuta da harafi biyu, kamar sh da ts namu, don haka ba a tsaga su: e-char, lle-gar, co-rrer. Haka qu da gu kafin e ko i: que-rer, se-guir. Tl kaɗai ake jayayya a kai, mutumin Madrid ya ce at-le-ta, na Meziko ya ce a-tle-ta, amma wannan da wuya ki ci karo da shi a aikatau. Wanda za ki ci karo da shi shi ne subrayar, ja layi a ƙarƙashi, inda ɗafa-goshin sub ya ƙi haɗewa da r, ana cewa sub-ra-yar.

Wuri biyu harshenmu yake yi mana tarko a nan. Gaɓar Hausa ba ta fara da baƙi biyu, shi ya sa muka ce burodi da siket. Bakinki zai so ya ce habalar ko tarabajar. Da zarar kin cusa wasali kin ƙara gaɓa, lissafin ƙarfi kuma ya karkace. Tra-ba-jar gaɓa uku ce. Su ma Sifaniyawa suna da nasu ciwon: s ba ta iya haɗuwa da wani baƙi a farkon gaɓa, sai suka ɗora mata e a gaba. Kalmar Latin scribere ta zama es-cri-bir, stare ta zama es-tar, har yau kuma suna yi wa kalmomin aro haka, estrés, eslogan. Riƙe wannan e ta estar, za mu dawo kanta. Tarko na biyu shi ne hamza. A Hausa wasali ba ya bin wasali a gaɓa daban sai da hamza a tsakani, kamar sa'a da jami'a. Le-er, karantawa, da ca-er, faɗuwa, gaɓa biyu-biyu ne, amma ba a datse murya a tsakiyarsu. Zarcewa ake yi.

Rikicin gaske a wasula yake. Sun kasu gida biyu: buɗaɗɗu, a, e, o, da rufaffu, i, u. Buɗaɗɗu biyu a jere ba sa zama a gaɓa ɗaya: cre-o, le-e, pe-le-ar, tra-e. Buɗaɗɗe da rufaffe suna haɗuwa su zama tagwan wasali, kamar ai da au namu a kai da sau, muddin ƙarfi bai faɗa kan rufaffen ba: bai-lar, pien-so, pue-do, co-mió. Rufaffu biyu mabambanta, iu ko ui, gaɓa ɗaya ake lissafa su a rubutu: cui-dar, cons-truir. Wasula uku ma suna iya cushewa a gaɓa ɗaya idan buɗaɗɗe yana tsakiya da rufaffu a gefe da gefe, wannan ce amsar kalmarki: es-tu-DIÁIS, gaɓa uku kacal, haka a-ve-ri-GUÁIS, gaɓa huɗu. Amma idan ƙarfi ya sauka kan i ko u kusa da buɗaɗɗen wasali, tagwayen sun rabu, kuma dole a sa tilde ko da sauran ƙa'idoji ba su nema ba: co-MÍ-a, o-ÍR, re-ÍR, le-Í-mos, ca-Í-do. Gwada comió da comía. Na farko gaɓa biyu, co-MIÓ, ya ci. Na biyu gaɓa uku, co-MÍ-a, ya kasance yana ci. Harafin h, da yake ba a furta shi, ba ya shiga tsakani: prohibir tana da tagwan wasali a farko, amma a pro-HÍ-bo ƙarfi ya raba su.

A nan ne hadda ta farko take. Aikatau masu ƙarewa da -iar da -uar sun rabu biyu, kuma na -iar ba ki iya gane su daga siffarsu. Cambiar tana ba da CAM-bio, estudiar tana ba da es-TU-dio, amma enviar tana ba da en-VÍ-o, confiar kuma con-FÍ-o. Averiguar, a-ve-RI-guo; actuar, ac-TÚ-o; continuar, con-ti-NÚ-o. Ƙamus mai kyau zai nuna miki da wa kowanne yake tafiya.

Yanzu ƙirar kalmar. Mu a Hausa mai aiki da lokacin aiki gaban aikatau muke ajiye su: na rera, ina rerawa, zan rera, mukan rera. Sifaniyanci a ƙeya yake ɗafa su, kuma bisa tsari ɗaya da ba ya canzawa. Ɗauki cantábamos, mun kasance muna waƙa. Gida huɗu ne: cant, saiwa mai ɗauke da ma'ana, á, wasalin rukuni, mai nuna cewa aikatau ɗin na gidan -ar ne, ba, alamar lokaci, mos, alamar mu. Rukunan uku ne, -ar, -er, -ir, ragowar huɗun da Latin yake da su, kuma na -ar ne kaɗai ƙofarsa take buɗe sosai ga sababbin shiga, shi ya sa sababbin kalmomi irin chatear da tuitear duk can suke shiga. Alamun mai aiki kusan ba sa sauyawa: -s kai ko ke, -mos mu, -is ku, -n su. Ba kowace siffa ce ke cika gidajen huɗu ba. Canto saiwa ce da o kawai. Shuɗaɗɗen lokaci kuma yana da nasa kayan, -ste da -steis da -ron, kuma cantaste ita ce siffar “kai” da ba ta ƙarewa da s a jerin lokuta, dalilin da ya sa za ki ji mutane da yawa suna cewa cantastes ko dijistes. Kunnensu ne yake neman s ɗin. Malaman nahawu ba su karɓe ta ba, kada ki rubuta ta a jarrabawa.

Ke da kika saba bambanta sayi, saye, sayo, sayar da sayu, sauraron ƙarshen aikatau ba sabon abu ba ne a gare ki. Abin da zai zame miki sabo shi ne ƙarfin yana yawo tsakanin waɗannan gidaje, kuma lokaci ne yake faɗa masa inda zai zauna. Mazauni uku gare shi.

Na farko, lokacin yanzu, da ɗan'uwansa na fata ko buƙata wanda suke kira subjuntivo, da umarni. A nan ƙarfi yana kan gaɓar ƙarshe ta saiwa a ni, kai, shi da su, amma yana tsallakawa gaba a mu da ku: CAN-to, CAN-tas, CAN-ta, can-TA-mos, can-TÁIS, CAN-tan. Lura da cewa gaɓar ƙarshe ta saiwa na ce. Aikatau a lokacin yanzu ba ya ɗaukar ƙarfi a gaɓa ta uku daga ƙarshe, ko da sunan da ya fito daga gare shi yana yi. Daga nan ake samun 'yan ukun nan da malamai suke son bugun ɗalibai da su: TÉR-mi-no, iyaka ko kalma, ter-MI-no, ina gamawa, ter-mi-NÓ, ya gama. PÚ-bli-co, pu-BLI-co, pu-bli-CÓ. PRÁC-ti-co, prac-TI-co, prac-ti-CÓ. Estar ce ta fita zakka, es-TOY, es-TÁS, es-TÁ, es-TÁN, kuma dalilin shi ne waccan e da na ce ki riƙe. A Latin sto, stas, stat ne, gaɓa ɗaya-ɗaya. Da aka ɗora e daga baya, ƙarfi bai tashi daga inda yake ba.

Na biyu, lokutan baya. Ƙarfi yana barin saiwa ya koma kan abin da ya biyo ta nan take, ya kafe a can ga kowa da kowa: can-TA-ba, can-TA-bas, can-TÁ-ba-mos, can-TA-bais, can-TA-ban. Can-TÉ, can-TAS-te, can-TÓ, can-TA-ron. Can-TA-ra, can-TÁ-ra-mos. A Latin siffar “mu” ƙarfinta a gaba yake, kuma Italiyanci har yau can-ta-VA-mo yake cewa. Sifaniyanci ne ya ja shi baya don ya yi daidai da 'yan'uwansa. Wannan jan bai tsaya nan ba: a ƙauyukan wasu ƙasashen Latin Amurka da wasu sassan Sifaniya za ki ji VÁ-ya-mos da HÁ-ya-mos maimakon va-YA-mos da ha-YA-mos. Sauyi iri ɗaya ne, sai dai na farko ya shiga littafi, na biyu bai shiga ba.

Na uku, lokaci mai zuwa da na sharaɗi, inda ƙarfi yake kan alamar lokacin kanta: can-ta-RÉ, can-ta-RÁS, can-ta-RE-mos, can-ta-RÍ-a. Tarihinsa ya bayyana komai. Asali kalma biyu ce, cantar da aikatau haber. Jera su ki gani: he, has, ha, hemos, habéis, han, sannan -é, -ás, -á, -emos, -éis, -án. A tsohon Sifaniyanci har ana iya cusa wakilin suna a tsakaninsu, kuma rubutaccen Fotugisanci yana yi har yanzu, dar-te-ei, zan ba ka. Da kalmomin suka haɗe, ƙarfin na biyun ne ya rayu. Wasalin da ya rage gab da ƙarfin ya yi rauni, a wasu aikatau na -er da -ir ya faɗi gaba ɗaya: poder, podré; saber, sabré; haber, habré; querer, querré. Inda faɗuwar ta haɗa n ko l da r, sai d ta tsiro a tsakani don sauƙin furuci: tendré, pondré, vendré, saldré, valdré. Hacer da decir sun ƙara tsukewa, haré da diré. Da caber sun cika 12, ban da 'ya'yansu irin mantener da suponer, kuma babu na -ar ko ɗaya a cikinsu.

Da kin riƙe mazaunan nan uku, tilde ta daina zama abin haddacewa. Kamar allon gefen hanya take, ba a kafa shi inda hanya ta miƙe sai inda ta yi kwana. Kalmar da ta ƙare da wasali ko n ko s, ana sa ran ƙarfinta a gaɓa ta biyu daga ƙarshe. Wadda ta ƙare da wani baƙi, ana sa ran shi a gaɓar ƙarshe. Duk wadda ta saɓa, ta ɗauki tilde, wadda kuma ƙarfinta ya kai gaɓa ta uku daga ƙarshe ko ya wuce, kullum tana ɗauka. Kusan duk siffofin aikatau da wasali ko n ko s suke ƙarewa, don haka lissafin gajere ne. Hablo ta bi hanya, babu alama. Habló ta saɓa. Hablar da hablad sun ƙare da r da d, ƙarfi a ƙarshe, babu alama. Cantaremos babu, cantábamos akwai. Cantáis akwai, cantabais da cantasteis babu, domin ais da eis gaɓa ɗaya ce kuma ƙarfin yana bayanta. Kula da ma'auratan da tilde kaɗai ta raba: cante da canté, cantara da cantará, cantaran da cantarán. Kuskure a nan yana mayar da “zai yi” ya koma “da a ce ya yi”.

Kalma mai gaɓa ɗaya ba ta da abin bambantawa, don haka ba ta ɗaukar tilde: fue, fui, vio, dio, vi, di. In kin ga fué ko vió a tsohon littafi, kafin 1959 aka buga shi ko marubucin ya riƙe tsohuwar al'ada, domin a shekarar ne hukumar harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a Madrid a 1713, ta tabbatar da cire ta. Dé ta bayarwa da sé ta sani suna da ita ne kawai don kada a rikita su da de da se. Da zarar kalmar ta sami ɗafa-goshi ta zama gaɓa biyu, ƙa'ida ta dawo: vio amma previó, ten amma mantén, pon amma supón. Ƙa'idojin rubutu na 2010 sun ƙara wani hukunci da har yau wasu marubuta suke gunaguni a kai. Siffofi irin rio, ya yi dariya, da crio, fio, lio, hui, yanzu gaɓa ɗaya ake lissafa su a rubutu, ko da mutum yana furta su biyu, saboda haka babu tilde. A ganina hukuncin ya sauƙaƙa wa mai koyo, ko da yake ya bar rio da río suna kallon juna, na biyun kuwa RÍ-o ne, ina dariya, kuma shi ne kogi.

Yanzu pienso, ina tunani, da pensamos, muna tunani, tambayar da ta fi daɗin bayani. Latin yana da e da o gajeru da dogaye. A hanyar zama Sifaniyanci, gajeren e da ya sami ƙarfi ya fashe ya zama ie, gajeren o ya zama ue. Wanda bai sami ƙarfi ba ya zauna yadda yake. Ɗora wannan kan mazauni na farko, amsarki ta fito: PIEN-so, PIEN-sas, PIEN-sa, PIEN-san, amma pen-SA-mos, pen-SÁIS. PUE-do, po-DE-mos. QUIE-ro, que-RE-mos. VUEL-vo, vol-VE-mos. PIER-do, per-DE-mos. A lokutan baya da masu zuwa ƙarfi ba ya kan saiwa, shi ya sa ba za ki taɓa ganin ie a pensé, pensaba, pensaré ba. Littattafan koyarwa suna kiran waɗannan aikatau marasa bin ƙa'ida, ni kuwa ina ganin sun fi kowa biyayya. Abin bai tsaya a aikatau ba ma: siete da setenta, nueve da noventa, puerta da portero, tierra da terreno. Fotugisanci bai yi wannan fashewa ba, penso da porta yake cewa. Jugar ita kaɗai ce take juya u zuwa ue, juego da jugamos. Oler tana ba da huelo, da h a gaba, saboda al'adar rubutu ba ta barin kalma ta fara da ue tsirara.

Hujja mafi ƙarfi tana Ajantina da Yurugwai, inda ake cewa vos maimakon tú, wato kai ko ke. Siffar vos ƙarfinta a ƙarshe yake, domin daga ta “ku” ta samo asali. To me kike tsammani? Tú PIEN-sas, vos pen-SÁS. Tú PUE-des, vos po-DÉS. Tú QUIE-res, vos que-RÉS. Tú DUER-mes, vos dor-MÍS. Ƙarfi ya tashi, tagwan wasali ya ɓace. Mutumin Madrid zai ce miki SIÉN-ta-te, zauna, na Buenos Aires ya ce sen-TA-te.

Abin da ƙa'ida ba za ta faɗa miki ba shi ne wane aikatau ne yake fashewa, tunda tsawon wasalin Latin bai bar alama a rubutun yau ba. Contar tana ba da cuento, montar tana ba da monto. Defender, defiendo, ofender, ofendo. Sentar, siento, presentar, presento. Wannan ce hadda ta biyu. Dabara ɗaya da take taimakawa sau da yawa ita ce neman sunan da ke dangi da aikatau ɗin: in akwai cuenta, sueño, vuelo, prueba, nieve, gobierno, almuerzo, to contar, soñar, volar, probar, nevar, gobernar, almorzar za su fashe.

Akwai wani sauyi da yake kama da wannan amma ba dangi ba ne, kuma ɗalibai suna yawan cakuɗa su. A rukunin -ir kaɗai yake: pedir, pido, pedimos. Da farko sai ki ce ƙarfi ne, har sai kin ga pi-DIÓ, pi-DA-mos, pi-DIEN-do, inda saiwa ba ta da ƙarfi amma e ta koma i. Abin dubawa a nan gaɓar da ke biye ce. In tana da i cikakkiya mai tsaye da kanta, e ta zauna: pedir, pedimos, pedí, pedía, pediré. In ba haka ba, ta koma i. Sentir da dormir suna ɗauke da sauyin biyu a lokaci ɗaya, shi ya sa suke da fuska uku: siento, sentimos, sintió; duermo, dormimos, durmió.

Sai wani ƙaramin gungu da ya ƙi bin mazauni na biyu, kuma su ne aikatau da aka fi amfani da su kullum. A shuɗaɗɗen lokaci, siffar ni da ta shi suna riƙe ƙarfi a saiwa kamar yadda Latin ya bar su: TU-ve, TU-vo, HI-ce, HI-zo, DI-je, DI-jo, PU-se, PU-so, VI-ne, VI-no, QUI-se, SU-pe, PU-de, TRA-je, es-TU-ve. Ƙarfi a gaɓa ta biyu daga ƙarshe, ƙarshen wasali, saboda haka babu tilde. Mai rubuta dijó ko tuvé ya ɗauki ƙa'idar habló ya kai ta gidan da ba nata ba. Sauran siffofin sun koma layi: tu-VIS-te, tu-VI-mos, tu-VIE-ron.

Tsarin gaɓa yana taɓa rubutu a wasu wurare. I marar ƙarfi da ta faɗo tsakanin wasula biyu tana zama baƙi, a rubuta ta y: le-yó, ca-ye-ron, o-yen-do, cons-tru-yó. Bayan ñ da ll narkewa take yi, gruñó, bulló, haka bayan j a dijeron da trajeron. Leído tana da tilde, construido ba ta da ita, saboda ei mai ƙarfi a kan i rabuwa ce, ui kuwa tagwaye ake lissafa su. Su busqué, llegué, empecé, averigüé kuma ba sauyin sauti ba ne ko kaɗan, harafi ne aka canza don sautin ya tsira kafin e.

Wakilin suna yana manne wa aikatau a baya a wuri uku: siffar asali mai r, siffar -ndo ta aiki mai gudana, da umarnin yi. Ƙarfi ba ya motsawa ko taƙi ɗaya, kalmar ce take ƙara tsawo, sai a sake lissafi. DA, DA-me, DÁ-me-lo. COM-pra, CÓM-pra-lo, CÓM-pra-me-lo. Com-PRAR-lo babu tilde, com-PRÁR-me-lo akwai. Di-CIÉN-do-se-lo. Tun 1999 lissafin yana aiki ta kowane ɓangare, har yana cire tilde: dé da me sun zama deme, está da te sun zama estate. Wurin mannewar kan cinye harafi: vamos da nos, vámonos, sentemos da nos, sentémonos, sentad da os, sentaos. A umarnin hani wakilan suna komawa gaba su tsaya daban, no me lo des.

Duk wannan a kalma ɗaya-ɗaya ne. A magana mai gudu gaɓa ba ta mutunta iyakar kalma. Baƙin ƙarshe yana tsallakawa ya kama wasalin kalmar gaba, van a entrar ta fito va-naen-trar, wasula biyu da suka haɗu a iyaka kuma su narke, está aquí ta yi kamar es-ta-quí. Shi ya sa kike gane kalma a takarda amma ta ɓace miki a bakin mai magana. Wakilan me, te, lo, se da ƙananan kalmomi irin de da que ba su da ƙarfi nasu, jingina suke yi da aikatau, don haka se lo dije da dámelo kowannensu bugu ɗaya ne a kunne.

Ga kowane sabon aikatau, siffa biyar nake ba da shawarar ki rubuta ki furta da ƙarfi: ta asali, ni a yanzu, shi a yanzu, shi a shuɗaɗɗe, ni a gaba. Te-NER, TEN-go, TIE-ne, TU-vo, ten-DRÉ. Daga tengo za ki ciro tenga da tengamos. Tiene ta faɗa miki saiwar tana fashewa. Tuvo ta kai ki ga tuvieron, daga can tuviera da tuviéramos. Tendré ta ba ki tendría. Gwada da poder, venir, dormir da enviar, kina tafa hannu a kan gaɓar da ta ɗauki ƙarfi, kafin ki duba ko tana bukatar tilde.